Saƙar Zuma a Ƙarƙashin Gadon Jummai

A'a, Rabi'u, sauke wannan yatsan tukuna. Ni za ka nuna wa yatsa a tsakar gidan nan? Yatsun da na duba ranar da na yanke maka cibiya, in ga ko sun cika biyar? Sauke shi. Na ji abin da ka ce, ba sai ka maimaita ba. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan kuwa ya fi na mage. Ka ce ka leƙa ƙarƙashin gadon mahaifiyarka ka sami kwano da saƙar zuma a ciki, an cinye rabi. Ka ce likita ya hana ta zaƙi, duk Gyaɗi-Gyaɗi an san ciwon suga ne da ita. Ka tambaya, an ce maka Inna Talatu ce ta kawo. To ƙarasa mana. Ka ce ni na kashe Jummai. Nauyin faɗa kake ji? Ai idonka ya riga ya faɗa.

Ni na kawo. Ban aiki kowa ba, da ƙafata na je, sau biyu ma. Ja wancan turmin ka zauna, amma tattare babbar rigar kar ta sha ƙasa, na ga sabuwa ce. Masu gaisuwa sun tafi sallar la'asar, yau an yi sadakar uku an gama, ba abin da yake jiran mu. Za ka ji yadda aka yi, in ka so ka kai ni wurin alƙali bayan nan, hanyar kotu ma ta ƙofar gidana ta bi.

Shekara talatin da bakwai katanga ɗaya ce tsakanina da Jummai. Na san tarinta, na san ranar da miyarta ta kama, na san ranar da ta yi fushi da tsohonka daga yadda take buga taɓarya. Na ɗauka ba abin da ya rage a cikinta ban leƙa ba. Ashe da saura.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Bayan an gama zaɓe ne, mai gidanka ya ci, kuna ta shirin rantsuwa. Ka tsaya daga bakin ƙofa, ita kuma ta juya fuska bango, yadda ta saba, don kai ne ɗan fari, ko sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Ka ce, "Inna, don Allah ban da zaƙi." Ta ce to. Ka ajiye acca da garin alkama, direba yana ta yi maka oda a waje, ka tafi. Ban ga laifinka ba. Soja sun ce za su sauka, dole kowa ya ruga ya kama kujera kafin su sake shawara.

Bayan tafiyarka da kwana kaɗan ta daina cin abinci. Tuwon alkama, faten acca, duk sai ta kalla ta kau da kai. Ni ban iya karatu ba, ko sunana aka rubuta sai dai in ce tururuwa ce ta bi ta cikin tawada. Amma na yi wa mata wanka na ƙarshe fiye da yawan haƙoran da na taɓa yi, na san hancin da ya fara sirancewa. Na ga nata.

Ranar wata Talata da hantsi ina matsa mata ƙafa, sai ta ce, "Talatu, zuma nake marmari."

Na ce mata ita da aka hana ko rake ta kalla. Sai ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai mahaifinta, wanda aka sa maka sunansa, mai amya ne, mai kiwon ƙudan zuma, a can ƙauyensu na bayan Rano. Kai ka san wannan? Ba ka sani ba. Ni ma haka. Ta ce shi yake saƙa amyar da ciyawa, doguwa kamar ganga, ita kuma tana 'yar yarinya ita take shafe ta da kashin shanu, a shanya, a yi mata turare, ya hau da ita kan ɗorawa ya ɗaure. In lokacin ɗiba ya yi, shi yana sama da bakin wuta, ita tana gindin bishiya tana jiran ƙwarya ta sauko a igiya. Daga kan ɗorawar ya faɗo, shekarar da aka kawo ta birni. Tun daga ranar ba ta ƙara ambaton zuma ba, ko a saye ba ta saya.

Na ce to shekara talatin da bakwai tana kallona ina sayen ta masu talla ina yabawa, me ya hana ta magana? Ta ce ai ta ga ina jin daɗin sukarina da aka dafa, ba ta so ta ɓata mini.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Washegari na shiga kasuwar Tarauni ina tambaya, ina ne ake samun zuma a bakin masu ita, ba a hannun 'yan kwalba ba. Wata mai sayar da daddawa ta ce in bi ta bayan kasuwa in miƙe kamar zan fita Daurawa, inda sababbin gine-gine suka ƙare zan ga wani tsohon lambu da mangwarori da tsamiya ɗaya babba, in tambayi gidan Malam Tanko mai amya. Ta ce kar in sa turare, kar in sa baƙin mayafi. Na ce mata turarena na ƙarshe tun Janar na farko yana mulki.

Na sami wurin. Katangar bulo ta matse shi ta gabas da kudu, an kafa wa filayen kewaye duwatsu masu lamba, amma lambun yana nan, kamar haƙorin da ya ƙi fita. Tun kafin in yi sallama na ji wani irin gunji ƙasa-ƙasa, kamar mata suna zikiri a ɗaki an rufe ƙofa. Na tsaya ina neman inda yake fitowa. Ina tsammanin zan ga amyoyi a sama kamar yadda Jummai ta faɗa, sai na ga akwatuna a ƙasa, farare, a kan ƙafafun ƙarfe, sun kai goma sha biyu a inuwar mangwaro. Kowane da 'yar kafa a gaba, ana ta shiga ana fita. Wallahi irin akwatin da muka jefa ƙuri'a, sai dai waɗannan abin da aka zuba a ciki shi ake tararwa.

Wani abu ya fito daga bayan bishiya, fari fat tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe da raga. Na fara karanto abin da ya sauwaƙa. Sai ya ɗage ragar ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Inna." Shehu ke nan, ɗan Malam Tanko, magidanci sa'anka, har da furfura biyu a gemu. Ma'aikatan gona ne suka koya masa kiwon akwati. Tsohon kuwa yana zaune a kan buzu a gindin tsamiya, ƙafa ɗaya a miƙe, ƙugunsa ya goce tun wata faɗuwa da ya yi. Matarsa Huraira tana gefe tana tace zuma da ƙyalle a cikin roba.

Na zo saye ne in tafi, amma ka san ni. Na ce da Shehu ya buɗe mini ɗaya in gani. Ya yafa mini raga a ka, ya ɗauko wani ɗan gwangwani mai zugazugi ya busa hayaƙi sau biyu, kaɗan kamar mai rowa, ya ɗaga marfi. Rabi'u, na yi shekara saba'in a duniya ban taɓa ganin gari mai tsari irin wannan ba. Sanduna a jere, kowace da saƙa tana reto a jikinta, ɗakuna ƙanana duk girmansu ɗaya, ba wanda ya ci iyakar wani. Ga ɗakunan ajiya a rufe da kaki, ga na 'ya'ya daban. Na tambaya wa yake raba musu fili. Ya ce ba kowa. Na tambaya in ɗaya ya mutu a ciki fa. Ya ce 'yan'uwansa ne suke jawo shi su fitar. Na ce ashe har da abokan sana'ata a ciki.

Sai na tambayi sarkinsu. Malam Tanko daga can ya ce yana tsakiya, ba a ganin sa. Shehu ya yi ƙasa da murya ya ce mini ba sarki ba ne, mace ce, ita take haifar kowa. Ya nuna mini ita da tsinke, doguwa, tana tafe a hankali ana buɗa mata hanya. Ya ce masu aikin ma duk mata ne. Na ce to mazan fa? Ya ce suna nan, manya-manya, ba sa ɗebo komai, ba sa harbi, sai ci da ƙara. In abinci ya yi ƙaranci sai matan su jawo su waje.

Na ce, "Su ba sa jira sai sun ga dama sun miƙa mulki?"

Huraira ta yi dariya har ƙyallen ya kusa suɓuce mata. Tsohon ya ce wannan duk zancen takarda ne, shi shekara hamsin yana hawa bishiya bai taɓa ganin mace tana sarauta a amya ba. Huraira ta ce ai a gidansa ma bai taɓa gani ba.

Na ce da Shehu ta marar lafiya nake so, ya ba ni wadda ta fi kowace kyau. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalba. Ya ce sau uku aka tace ta, ba kaki, ba ƙafar ƙuda, ba ƙaurin hayaƙi ko kaɗan, irin wadda matan manya suke aiko direba ya saya. Ya ɗaga ta a rana, ina hango yatsunsa ta ciki. Ya ɗiga a yashi ta dunƙule ta ƙi nutsewa. Na kwance bakin zane na biya, na taho ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Makka.

Jummai ta sa na buɗe na kai mata hanci. Ta shaƙa sau ɗaya, ta shaƙa na biyu. Ta ce zuma ce ta gaskiya, ta mangwaro da ɗan darbejiya, Allah ya saka. Sai ta juya bango.

Na ce to mene ne kuma?

Ta ce, "An wanke ta da yawa, Talatu. Ba kowa a cikinta."

Na yi ta tambaya kafin in gane. Ita zumar da ta sani ba a kwalba take zuwa ba. A saƙarta take saukowa, da ɗumin wuta, tana ƙaurin ciyawa da kashin shanu, da toka a gefe, da ƙuda ɗaya ko biyu da suka mutu a ciki. Wato duk abin da Shehu ya ɓata shekaru yana koyon cirewa, shi take nema. Ni da shi mun haɗu mun ba ta mai kyau, ashe marar kyan ake so. Kwalbar tana nan a ɗakina, ko buɗe ta ban sake yi ba, in kana son shaida.

Kwana biyu ina jin haushi. Ranar Juma'a da yamma na ga numfashinta ya sauya, ya fara hawa biyu-biyu. Asabar da sassafe na ɗauki mayafi. Ranar rantsuwarku ce. Kowane shago rediyo, kowane mai shayi an kewaye shi, 'yan acaɓa sun ɗaura ganye suna ta gudu ba sa ɗaukar kowa. Da ƙafa na tafi tun daga nan har lambun, ina tafe ana ta buga take a gidajen mutane. Wani ya ce mini, Inna yau an sami 'yanci. Na ce masa wannan ne na uku da aka gaya mini, ya matsa in wuce.

Na tarar da su ukun a gindin tsamiya da rediyo a tsakiya. Na faɗi abin da ya dawo da ni. Fuskar Shehu ta canza, ya ce ko an sami wani abu a zumar ne? Na ce matsalar ke nan, ba a sami komai ba. Malam Tanko ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ana tsakiyar jawabi. Ya tambaye ni 'yar ina ce. Na ce bayan Rano. Ya ce ɗiyar wa? Na ce wani Rabi'u mai amya, ya faɗo daga ɗorawa. Bai san shi ba. Amma ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ta miƙe.

Sai ya nuna sama da sanda. Can a ƙwanƙolin tsamiyar, sai da na kare ido da hannu, ga amya ɗaya ta yi baƙi, ƙudan zuma na kewaya bakinta. Ya ce ita kaɗai ta rage, shekara huɗu ba a taɓa ta ba, abin da matar nan take nema yana ciki. Na ce to a sauko da shi mana. Ya ce ba a buɗe amya da rana, sai duhu, kuma yanzu farin wata ne, sha uku ga wata, ƙudan yana gani sarai, duk wanda ya hau zai sauko ba ta igiya ba. A jira kwana goma wata ya yi duhu. Shehu ya ce shi ko wata ya mutu gaba ɗaya ba zai hau ba, bai iya ba, kuma ya ga abin da hawa ya yi wa gidansu.

Na ce, "Malam, kwana goma a wurinka ne. Ita ko uku ban ɗaukar mata ba."

Huraira ce ta tashi, ta zaga bayan ɗaki ta jawo wata tsohuwar amya da ta fashe a gefe, kaji suna ƙwai a ciki. Ta zazzage ta. Ta ce da Shehu ya je ya yanko mata saƙa guda daga akwati, wadda ta nuna sosai, kar ya tace, kar ya goge. Ya ce me za a yi da ita? Ta ce ɓata ta za a yi. Ya tsaya yana cewa Inna wannan fa ta fitar da sunan gidan nan ce, mutane daga Nasarawa suke zuwa saboda ba ta ƙauri. Ta dube shi kawai. Ya sa ragarsa ya tafi.

Ni kuma na bi shi don in ga yadda ake yankan, ban jira an ba ni raga ba. Ga sakamakon nan a fatar idona, dubi, har yau bai gama sacewa ba. Mata a wurin makoki suna ta cewa Talatu ta yi kuka har ido ya kumbura. Na bar su a haka.

Da tsohon ya gane abin da matarsa take nufi, sai ga shi ya ja jiki ya matso, baki ya buɗe. A kawo busasshen kashin shanu, ba na akuya ba. A kawo ciyawa, ba kara ba. Ya sa aka ɗauko masa wani ƙullin tsumma daga cikin rufin ɗaki, turaren da yake yi wa sabuwar amya don ƙuda ya shiga, saiwoyi ne da ɓawo da wani abu kamar ƙaro. Na tambayi sunayensu. Ya ce ko Shehu bai gaya wa ba. Shehu ya ce ai bai tambaya ba. Tsohon ya ce shi ya sa.

Huraira ta sa saƙar a kwano, ta tura cikin tsohuwar amyar, ta haɗa wuta a bakin, ba mai ci ba, mai hayaƙi, ta rufe da faifai. Muka zauna muna kallo hayaƙi yana tsatsowa ta jikin ciyawa. Tsohon yana cewa a ƙara, a rage, a juya. Da aka fito da ita ta yi duhu a gefe ɗaya, ta yi ɗumi, ta fara hawaye. Ya barbaɗa toka da yatsa biyu. Ya lalubi ƙasa a gindin akwati ya tsinto mataccen ƙuda, ya dasa shi a gefen saƙar a hankali kamar mai sa wa amarya ɗan kunne. Shehu ya kau da kai.

Na kai hannu bakin zane, Huraira ta riƙe hannun. Tsohon ya ce abu ɗaya yake so, duk abin da matar ta ce in dawo in gaya masa, kar in gyara.

Na iso gida bayan azahar. A ɗakin can na same ta, a kan gadon da ka leƙa ƙarƙashinsa. Na ɗora kwanon a ƙirjinta na ɗage faifan. Rabi'u, na ga fuskar mahaifiyarka ranar da aka haife ka, na gan ta ranar da ka dawo da takardar gama makaranta ta shige ɗaki don kar a ga tana murna. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Ta rufe ido. Hannunta ya tashi sama kaɗan, a buɗe, kamar mai jiran a sauko mata da wani abu. Ta daɗe a haka.

Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Talatu, kin iya ƙarya."

Na ce wace iri?

Ta ce, "Hayaƙin a waje ya tsaya, bai shiga ciki ba. Bayan an cire aka yi mata. Kuma ƙudan nan ya kwana biyu da mutuwa." Ta sake shaƙa. "Amma wanda ya haɗa turaren nan ya san aiki. Bar mini ita a nan."

Na wanke hannu, na lakato da yatsa, na kai bakinta. Ga inda nake so ka buɗe kunne. Ta datse leɓe ta girgiza kai. Na ce ke da kika tashe ni tsaye har Tarauni sau biyu, ga ido ya kumbura? Ta ce yaron nan ya tsaya a ƙofar nan ya roƙe ta, ta ce masa to. Bai taɓa roƙon ta komai ba sai wannan. In ya zo ya tambaya, ba ta so ta juya bango da ƙarya a bakinta.

Na ce to marmarin fa?

Ta ce, "Ke ki sha, ki gaya mini."

Haka aka yi. Ni da haƙora huɗu na zauna a bakin gado ina tauna kaki, ita tana riƙe da kwano a ƙarƙashin hanci tana yi mini tambaya kamar alƙali. Ta fara da zaƙi ko da ɗaci? Ta kama maƙogwaro? Na ce ta kama. Ta ce a ina, sama ko ƙasa? Na ce ƙasa. Ta ce darbejiya ce, ta ɗorawa a sama take kamawa. Kakin yana manne wa dasashi ko yana dunƙulewa? In na ce daɗi kawai, sai ta ce ni dai ban iya shan zuma ba, an yi asarar ta a bakina. Asabar na sha, Lahadi na sha safe da yamma, har cikina ya fara ƙugi. Tsakanin tambaya da tambaya take ba ni sauran labarin, yadda mahaifinta yake yi wa ƙuda magana kafin ya kai wuta, yadda yake barin saƙa biyu a kowace amya don masu gida kar su yi fushi su tashi, yadda in ƙwarya ta sauko yakan ce daga sama, ta farko ta mai riƙon igiya ce.

Na tura a gaya maka ranar Lahadi. Aka ce kuna gidan gwamnati ana ta karɓar gaisuwa, ba a shiga. Ban ce laifinka ba ne. Ina gaya maka ne don ka san an tura.

Litinin da hantsi ta ce in rufe kwanon in tura ƙarƙashin gado, kar tururuwa ta samu, in sa shi a cikin faranti da ruwa. Na yi. Ta ce in gyara mata filo. Na gyara. Na ji tana salati a hankali, ina taya ta, sai na ji ni kaɗai nake yi. Rana ta shigo ta tagar nan ta kwanta a kan ƙafarta. Ni na rufe mata ido, ni na yi mata wanka, kuma ina gaya maka bakinta ba ɗigon zuma. Hannunta ne kawai yake ƙaurin hayaƙi, na wanke sau uku bai fita ba, na bar mata abinta.

Jiya na koma lambun na kai wa Malam Tanko saƙonsa, ban gyara ba. Da na zo wurin ƙudan da ya kwana biyu da mutuwa, ya yi dariya har ya riƙe ƙugu, daga nan ya goge ido da hular kansa. Ya ce a duk Kano mace ɗaya ce ta rage da za ta kama shi, ita ma sai da ta tafi aka gaya masa. Da zan fito na ji Shehu yana tambayar sa sunan saiwar farko.

To, ka ce an cinye rabi. An cinye. Yana nan cikin wannan cikin, in likitanka yana son awo ya zo ya auna ni. Rabin da ya rage kuwa ban taɓa ba, don ba nawa ba ne. Kafin ta ce in tura shi ƙarƙashin gado sai da ta ce, "Ragowar ta mai sunan Baba ce. Ki ce masa ta farko ta mai riƙon igiya ce, shi ya riƙe tawa."

Ga kwanon nan a hannunka tun ɗazu kana nuna ni da shi. Ɗage faifan. A hankali, ka ga wani ƙudan zuma ya biyo ƙamshin tun daga waje ya sauka a bakin kwanon. Kar ka kore shi, ba ya harbin wanda ya zauna shiru. Bar shi ya ɗiba, sannan ka sa yatsan nan naka.